Balangun da Ya Kwana: Inda Ɗumame Ke Amfani da Inda Ba Ya Yi

Duk ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ta ci, motocin da ke komawa Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar ba sa rasa fasinja mai ƙunshin nama a hannu. Tun wajen azahar aka yanka masa balangun da zafinsa, aka barbaɗa yaji, aka yanka albasa da tumatir a kai, aka naɗe a takarda aka ƙulle a leda. Sai bayan magariba zai isa gida. A ci rabi, a rufe sauran a kwano. Da safe uwargida ta watsa shi a kasko, ya ɗan yi ɗumi, a raba wa yara. In ciki ya fara murɗa musu da hantsi, sai a ɗora wa ruwan randa laifi.

Mutanenmu sun ɗauka duk naman da ya sha wuta da hayaƙi ya tsira daga lalacewa. Ba hayaƙin ne ke tsare shi ba, bushewa ce. Kilishi yana daɗewa ne domin an yanyana shi falle-falle an shanya har ruwan jikinsa ya ƙare. Haka ma banda ta gaskiya, wadda aka yi ta mayarwa kan wuta har ta ƙandare. Balangu kuwa, musamman na ƙirjin sa mai kauri da kitse, daɗinsa ma a ruwan jikinsa yake, kuma wannan ruwan ne ƙwayoyin cuta ke bukata. A jihar Teksas ta Amurka, inda gashin ƙirjin sa ya yi suna, sukan bar shi cikin hayaƙi awa 10 ko fiye, amma duk da haka hukumomin abinci na can sun ce ragowarsa ba ta wuce kwana 3 zuwa 4 ko da a firji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a sarari, domin tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta rage wa'adin zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. To, wanda ya san bazarar Gumel, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu, sai ya yi wa kansa lissafi. A irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin kan ninka yawansu cikin minti 20. Ga leda a ƙulle tana tara gumi, ga ɗanyar albasa da tumatir suna tsatso ruwa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ce, "Ai na ɗumama." Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar mutum da cikin hancinsa, tana hawa nama ta hannun mai yanka ko mai tsakura. In ta samu awanni cikin ɗumi sai ta zuba guba a naman. Wuta tana kashe ƙwayar, amma ba ta lalata gubar, ko da an tafasa. Wanda ya ci kan fara amai tsakanin minti 30 da awa 8. Akwai kuma wata da ke tsallake gashin farko, ta farfaɗo yayin da babbar tsoka ke hucewa a hankali, ta kawo murɗar ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24. Dukansu biyu ba lalle su sauya wari ko ɗanɗanon naman ba. Shinshinawa da ɗanɗanawar da iyayenmu mata ke yi tana kama naman da ya riga ya yi yauƙi ko tsami, amma mai ɗauke da waɗannan ƙwayoyin yakan wuce ta.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun daren. Mai firji ya tsame albasa da tumatir, ya yayyanka naman ƙanana, ya baza a kwano mai faɗi ya rufe ya saka da wuri, ba sai an gama hira ba. Ya kuma tuna firji a rufe awa 4 kawai yake riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta. Wanda ba shi da firji, kuma su ne mafi yawa a ƙauyukanmu, ya yi abin da kakanni ke yi da naman layya: a soya shi ƙarau a daren har ya daina tsatso ruwa, ko a dafa a daka a yi dambun nama a soya shi ya bushe. In ba za a iya ko ɗaya ba, a miƙa wa maƙwabta tun yana da lafiya. Ni dai a ganina ladan ya fi ɗumamen safe.

Naman da aka adana yadda ya kamata, wajen ɗumama shi a zuba ɗan ruwa ko romo a tukunya, a rufe, a bar shi ya ɗauki zafi har cikin tsoka, turiri na tashi in an tsaga. Masana sun ce ya kai digiri 70 zuwa sama. Romon zai kuma hana ƙirji yin tauri. Hanya mafi sauƙi ita ce a jefa shi cikin miyar kuka, taushe ko dafa-duka ya tafasa tare, ƙanshin hayaƙin ya kama miyar. A ɗumama iya abin da za a cinye, sau ɗaya. Kular abinci kuma ba firji ba ce. Naman da ya kwana a cikinta ɗumi-ɗumi ya fi na sarari haɗari.

Masu tukuba ma da nasu. Kwantan jiya da aka ajiye a gefen wuta, aka yayyafa wa mai ya yi sheƙi, aka cakuɗa da sabo, yana iya kwantar da gida guda. Mai saye ya tambaya kai tsaye, "Malam, na yau ne?" ya kuma nemi a mayar masa kan garwashi a gabansa.

Maganar za ta ƙara nauyi a shekarun nan. Babbar Sallah ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 2024, sai 6 ga Yuni a 2025, tana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, wato tana shiga tsakiyar bazara. Rago ko sa da aka tsire a bakin wuta aka bari sai gobe a soya yana bukatar kulawar da bai bukata ba a shekarun da layya ke zuwa da hunturu.

In kuma an riga an ci, amai da gudawa suka taso, a fara ba da ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Ƙaramin yaro, tsoho da mai juna biyu ba a jira da su. Da an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, a nufi asibiti mafi kusa, kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kemis. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna gurɓataccen abinci yana kashe mutum 420,000 a shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.