Kasuwar Zanen Bugu a Legas: Inda Fensir Ke Yanke Farashi

A gidajen baje kolin zane na Ikoyi da Victoria Island da Lekki, wanda ya san kan ciniki gindin zane yake fara leƙawa kafin fuskarsa. Can ƙasa, a farin gefen takarda, akwai rubutu uku da fensir: a hagu lamba irin 12/50, a tsakiya sunan zanen, a dama sa hannun mai shi. Wato guda 50 kacal aka buga, wannan ne na 12. Jarin kasuwar nan kaf ya rataya ne a kan alkawarin cewa na 51 ba zai taɓa fitowa ba.

Aikin kansa na gumi ne. Mai zane ya sassaƙa hoto a jikin katako, ko ya karce farantin tagulla ko na zinki, ya tsoma shi a asid har ya ci layukan. In faranti ne, ya cusa tawada a ramukan, ya goge saman da ƙyalle, ya shimfiɗa takarda mai ɗan damshi, ya murza injin matsi. Kowace takarda sai an sake shafa mata tawada, shi ya sa da wuya biyu su fito iri ɗaya sak. Taɓa gefen hoton, za ka ji ɗan lotsawar da bakin faranti ya bari. In adadi ya cika, al'ada ita ce a tsaga wa farantin layi don kada kwaɗayi ya sa a koma kansa. Akwai kuma 'yan kaɗan masu alamar A/P, rabon mai zanen ke nan, galibi kusan ɗaya cikin goma, kuma dillalai kan ɗora musu kuɗi.

Ba a maganar wannan sana'a a Najeriya a tsallake Bruce Onobrakpeya. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor, cikin jihar Delta ta yau, amma a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 asid ya ɓata masa wani faranti. Maimakon ya jefar, sai ya cike wuraren da gam mai tauri, bugun ya fito da tudu da kwari, daga nan ya samo salon da ya sa wa suna plastograph. Tatsuniyoyi da al'adun Urhobo ya fi zubawa a takarda, kuma tun 1998 yake tara masu zane a mahaifarsa suna koyon aikin. A ganina nan darajar bugu take. Zanen fenti guda ɗaya ne, attajiri ɗaya ya saye ya kulle a falo. Bugu kuwa yana iya shiga gida hamsin, har ɗan albashi ya rataya aikin hannun gwani na haƙiƙa.

Da gwanjo ya kankama a Legas, musamman bayan kafa gidan gwanjo na Arthouse Contemporary a 2007, sai farashi ya fito fili, kowa ya ga abin da ke ɗaga shi: sunan mai zane, ƙarancin adadi, hannun da takardar ta biyo, da lafiyarta. Wannan na ƙarshe yakan yi wa mutane tsiya. Damshin Legas yana feso wa takarda ɗigon tsatsa-tsatsa, rana tana cinye launi, mai firam kuma ya datse gefe ko ya manna ta da gam, kuɗi ya zube. Masu rububin lamba 1/50 kuwa yawanci son zuciya ne kawai, don ba lallai a jera lambobin yadda takardun suka fito daga inji ba.

Algus ɗin kasuwar shi ne hoton zanen fenti da aka ɗauka da kyamara, firinta ta fitar, aka sa masa lamba da fensir. Ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye, amma ba hannun da ya taɓa faranti. Tutu, zanen Ben Enwonwu, ta shiga gidaje da yawa a matsayin kwafi, amma wadda gidan gwanjo na Bonhams ya sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2 ta fenti ce. Can Ingila ma jabu ya yi yawa har mai zane Banksy ya kafa ofishin Pest Control a 2008 don tantance aikinsa.

In ka shiga saye, tambayi dillali da me aka buga, guda nawa ne duka har da rabon mai zanen, kuma ina farantin yake yanzu. Ya rubuta maka amsar a rasit. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.