Ko ya dace farar hula su riƙe manyan bindigogi?

Masu saurare, a gida Zabori da ƙetare, ga tambayar: tunda ɓarayin shanu na zuwa da manyan makamai, me zai hana makiyayi ya mallaki nasa? Bindigar maharbi sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi, ita kuwa AK-47 harsashi 30 take ɗauka. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga, amma babban hafsan tsaron Najeriya ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Nan Nijar, tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don tattara haramtattun makamai. Abin tsoron shi ne, bindigar tsaron garke gobe tana iya shiga rikicin gona.