Ka saya da kuɗinka, amma sai da izini za ka buɗe

Wanda ya biya kuɗin littafi a kasuwar Kurmi ya gama da mai shago. Ko ya karanta, ko ya ara wa maƙwabci, ko ya bar wa 'ya'yansa gado, babu mai tambayarsa. Cinikin intanet ba haka yake ƙarewa ba. Maɓallin yana cewa "saya", amma abin da mutum ya samu izinin amfani ne kawai, kuma an ƙayyade yawan na'urorin da izinin zai hau.

Kamfanin Apple, alal misali, kwamfuta biyar kacal ya yarda a ba izinin kunna fina-finan da aka saya da asusu ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne, lissafin bai san na'ura ta mutu ba. Kwamfutar da wutar lantarki ta ƙona, da wadda ɓarawo ya ɗauke, da wadda aka sayar ba a cire mata izini ba, duk suna nan riƙe da gurabensu. Kai, ko sake ɗora Windows a kan kwamfuta ɗaya na iya cinye gurbi na biyu. Ranar da aka zo da ta shida, sai mutum ya tarar an rufe masa ƙofa. Akwai mafita, wato soke izinin dukkansu lokaci guda a sake ba waɗanda ke hannu, sai dai sau ɗaya a shekara ake yarda da hakan. A Kindle na Amazon kuwa, yawancin littattafai na'ura shida ne iyakarsu, kuma mawallafi ne ke yanke adadin.

A wurinmu, inda waya ke yawan sauya hannu, ɗalibai kuma ke haɗa kuɗi su sayi littafi ɗaya, guraben nan ba sa daɗewa. Don haka kafin a kai na'ura Farm Centre a sayar, ko a miƙa wa mai gyara ya goge ta, a fara cire ta daga asusun.

Hujjar kamfanonin ita ce satar fasaha, kuma ba hujjar banza ba ce; 'yan Kannywood sun san irin ɓarnar da masu kwafar faya-fayai suka yi musu. Amma a lura da wanda takunkumin ke kamawa. Mai kwafin sata ba shi da ƙidaya, wanda ya biya shi ke neman izini. Apple ɗin kansa ya cire makullin daga waƙoƙinsa a 2009, kasuwa kuma ba ta rushe ba.

A shekarar ce dai Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin waɗanda suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka ɓace tare da shi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta hana amfani da kalmar "saya" sai an bayyana wa mai ciniki cewa lasisi ne. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a Nijeriya ta kamata ta nemi irin wannan bayani, a rubuta adadin na'urori kusa da farashi kafin kuɗi ya fita.