IN AN RASA RAI A HANYAR KORA: YADDA SHARI'AR KISA TAKE TAFIYA

Ƴan uwa fatake, dillalai da masu kora, sana'armu ta hanya ce. Sa da aka saya a Tawa ko Damagaram ba ya zama kuɗi sai ya ratsa gonaki, mashaya da daji, ya tsallaka iyaka zuwa Illela, Jibiya ko Maigatari, wani lokaci har Ikko. A nan tsakani ake gamuwa da manomin da aka yi wa ɓarna, da ɓarawon shanu, da ɗan fashi. In sanda ta tashi aka rasa rai, yaron da ke bin garke za a fara kamawa, maigidansa kuwa shi zai yi ta zirga-zirga. Shi ya sa muka ga ya dace mu san yadda maganar take tun ba ta zo ba.

Abu na farko: dokar wurin da abin ya faru ita ke hukunci, ba dokar ƙasar da aka haifi mutum ba.

KISA IRI-IRI NE

Dokar laifuffuka da Nijar ta kafa a 1961 ta bi tsarin Faransa. Ta raba kisan da aka shirya ko aka yi kwanto, mai hukuncin kisa, da kisan ganganci ba tare da shiri ba, mai ɗaurin rai da rai. Ƙasa da su akwai dukan da ya zama ajali alhali ba a yi nufin kisa ba. Kamaru ma haka ta raba. Cadi ta soke hukuncin kisa a 2020, Gana ta soke shi kan laifin kisan kai a 2023.

A Arewacin Nijeriya, dokar Finalkod ta 1960 ta raba kisa mai hukuncin kisa da marar shi. Tsokana mai tsanani da ta zo ba zato, ko faɗan da ya ɓarke nan take ba shiri, suna iya sauko da laifin daga na farko zuwa na biyu. Galibin aikin lauya a nan yake: nuna wa alƙali cewa ba niyya, ba shiri.

KARE KAI YANA DA IYAKA

Duk dokokin nan sun yarda mutum ya kare ransa. Amma fa da sharaɗi: hatsarin ya zama na nan take, kuma ramuwar kada ta wuce abin da ake bukata don tsira. Wanda ya bi ɓarawo da gudu ya sare shi ta baya, ko ya koma zango ya ɗauko takobi ya dawo, da wuya alƙali ya kira wannan kare kai.

Ga misali daga Jihar Adamawa. Wani manomi ya ce makiyayi ya auka masa da wuƙa a gonarsa, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, bisa cewa da ya ƙwace makamin yana da halin gudu. Sai a ƙarshen shekarar gwamna ya yi masa afuwa, bayan shekaru a tsare. Ma'aunin da aka auna manomin nan da shi za a auna yaranmu.

RANAR FARKO ITA CE SHARI'AR

Baki shi kan yanka wuya. Abin da mutum ya faɗa a jandarmari ko ofishin ƴan sanda zai bi shi har gaban alƙali. Kada yaro ya dangwala yatsa a takardar Faransanci ko Turanci da ba a fassara masa ba. Ya nemi tafinta, ya nemi lauya. A ƙasashen UEMOA, dokar 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga kamu. Marar hali yana da Hukumar ANAJJ a Nijar, a Nijeriya kuma hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 1976. Baƙo yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963.

Mu kuma da ke waje, aikinmu shi ne tattara shaida: takardar likita kan raunin da yaronmu ya samu, sunayen waɗanda suka gani da ido, takardun dabbobi, rasidin kara da na duwan masu nuna inda garke yake a ranar. Kada a ɓoye makami, kada a tsallakar da yaro iyaka. Gudu yana ɓata hujja, kuma mai ɓoyewa shi ma ya ja wa kansa tuhuma.

A sani kuma, beli a tuhumar kisa abu ne mai wuya. A Nijeriya babbar kotu kaɗai ke ba da shi. A Nijar sai alƙalin bincike ya yi aikinsa, wanda kan ɗauki watanni.

SULHU DA DIYYA

Sulhu da dangin mamaci abu ne mai kyau, yana kashe wutar ramuwa, yana buɗe mana hanya. Amma a Nijar da Kamaru yafewar dangi ba ta rufe shari'ar gwamnati, don mai gabatar da ƙara yana tuhuma ne da sunan al'umma. Saboda haka a yi sulhu da sanin lauya, kada takardar sulhu ta koma shaidar amsa laifi.

Muna kira ga kowane mai garke, kafin yaransa su kama hanya ya zaunar da su: in an yi ɓarna a tsaya, a kira mai gari, a kimanta, a biya. Kuɗin damin gero bai kai na lauya ba, balle rai. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.