Wankin Hannun da Ba Ya Ƙarewa: Waswasi a Cikin Cutar Sikizofireniya

A wannan fitowar za mu yi magana kan wani ciwo da ke ɓuya a bayan wani ciwo.

Sikizofireniya cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda ke sa mutum ya ji muryoyin da babu mai yin su, ko ya gaskata cewa ana bin sa da sharri. Yawanci tana farawa ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa farkon shekaru talatin. Abin da iyalai da yawa ba su sani ba shi ne, kusan mutum uku cikin goma masu wannan cuta suna fama da waswasi mai tsanani, kuma fiye da ɗaya cikin goma nasu ya kai matsayin cuta mai zaman kanta.

Wannan waswasi yana da fuska biyu: tunanin da ke kutsowa ba a gayyace shi ba, da aikin da mutum ke maimaitawa don ya samu sauƙi. Yaro ya wanke hannu har fata ta tsage. Ya sake alwala har lokacin salla ya fita. Ya koma duba makulli sau goma, motar zuwa aiki ta wuce shi. Sau da yawa ya san abin ba shi da ma'ana, amma ya kasa bari. Nan ne ya bambanta da ruɗin sikizofireniya, wanda mai shi ke ɗauka gaskiya ne.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan hali. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka karantar da iyayenmu a makarantun Nima da Kumasi, ta yi sauƙi ga wanda shakka ta aure shi a salla: ya yi watsi da ita. Don haka kai shi wurin likita bai saɓa wa addini ba. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Me ya sa muke damuwa? Bincike ya nuna cewa idan cututtukan biyu suka haɗu, baƙin ciki ya fi yawa, haɗarin yunƙurin kashe kai ya fi girma, riƙe aiki da makaranta ya fi wuya. Sikizofireniya da ma tana raunana mai da hankali, da riƙe abu a ka, da tsara aiki. Waswasi kuma yana cinye sauran ƙarfin, har sauya tunani daga wani abu zuwa wani ya zama jidali. Sai a gida a ce yaro malalaci ne, alhali kansa bai huta ba tun asuba.

Ga abin da ya shafi sana'armu. Kulozafin, wanda ake sayarwa da sunan Clozaril, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989, kuma shi ne mafi inganci idan sauran magunguna sun kasa. Amma yana iya tayar da waswasi ko ya ƙara shi, wani lokaci bayan watanni da farawa. Olanzafin ma yakan yi haka, ko da yake bai kai shi ba. Kada a tsayar da magani kwatsam, domin cutar na iya dawowa da ƙarfi. A gaya wa likita. Yana iya daidaita yawan maganin, ko ya ƙara wani kamar Zoloft ko Abilify, ko ya tura mutum wurin mai koyar da jure tunanin ba tare da maimaita aikin ba.

A kula da abubuwa uku ga mai shan kulozafin. Na farko, fuluboksamin, wato Luvox, maganin waswasi ne, amma yana ninka kulozafin a jini har ya zama haɗari. Na biyu, hayaƙin taba yana sa hanta ta ƙone kulozafin da sauri, don haka wanda ya bar taba ko ya rage ta sosai a watan azumi, maganin zai taru masa. Na uku, goro, kofi da shayi mai ƙarfi suna ɗaga shi. Ku faɗa wa mai ba ku magani duk waɗannan, har da maganin gargajiyar da aka aiko daga gida.

Taimako yana kusa. Lambar 988 tana aiki dare da rana tun Yulin 2022, kyauta, kuma ana iya neman tafinta. Shirin OnTrackNY, wanda jihar Niyok ta fara a 2013, yana karɓar matasa 'yan shekara 16 zuwa 30 da cutar ta fara kamawa. Asibitocin Lincoln da Jacobi a Bronx suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ba shi da inshora ya tambayi shirin NYC Care, wanda ba ya hana kowa saboda takardun zama.

Kafin ganin likita, a rubuta abin da mutum ke maimaitawa, sau nawa, awa nawa yake ci a rana, da lokacin da ya fara. Marasa lafiya kan ɓoye waswasi don kunya, likita kuma ba kullum yake tambaya ba. Ku raka su, ku faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.