Daga Jibiya zuwa Maraɗi: Abin da doka ta tanada kan masu neman jinsi ɗaya da haɗarin liƙa wa mutum laƙabi

Matafiyin da ya bar Jibiya a Jihar Katsina ya tsallaka shingen Magama ya nufi Ɗan Isa da Maraɗi bai sauya harshe ba, bai sauya addini ba, sau da yawa ma dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiransa, domin zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa daular bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Abin da ke sauyawa a kan iyakar shi ne doka, kuma na tsawon shekaru bambancin ya fi fitowa fili a batun masu neman jinsi ɗaya.

Muhawarar ko ya dace irin waɗannan mutane su fito su bayyana kansu, da amfanin sunayen da ake kiransu da su, ta shigo wayoyin jama'a ta intanet. Ga bayanin asalinta da abin da take nufi a wannan yanki.

Asalin kiran a bayyana kai

Kiran ya yi ƙarfi ne a Amurka bayan tarzomar Stonewall ta birnin New York a 1969. Harvey Milk, ɗan majalisar birnin San Francisco da aka kashe a 1978, ya yi ta kira ga masu wannan ɗabi'a su sanar da iyalansu da abokan aikinsu. Hujjarsa ita ce mutum ya fi saurin ƙyamar wanda bai sani ba fiye da ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa. Daga 1988 aka ware ranar 11 ga Oktoba domin wannan manufa.

Masu goyon bayan ra'ayin na cewa ɓoyewa na jawo damuwa, da auren da ake yi don rufe bakin mutane, wanda a ƙarshe matar da aka aura ce ke shan wahalarsa. Masu suka kuwa, har daga cikin masu fafutukar kansu, na cewa dabarar ta yi aiki ne inda doka ta fara sassautawa, kuma ɗora ta a kan kowace al'umma ganganci ne.

Doka a ɓangaren Najeriya

A Jibiya dokoki uku ne ke da alaƙa da batun. Na farko shi ne tsarin kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14, ya kuma sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin masu laifi.

Na biyu ita ce Shari'ar Musulunci, wadda Katsina ta karɓa a 2000 cikin jerin jihohi 12 na Arewa. Hukuncin luwaɗi a ƙarƙashinta na iya kaiwa ga jefewa, kamar yadda wata kotu a Ningi ta Jihar Bauchi ta yanke wa mutum uku a 2022. Irin wannan hukunci ana iya ɗaukaka ƙara a kansa, kuma ba ya zartuwa sai da sa hannun gwamna.

Na uku ita ce dokar haramta auren jinsi ɗaya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014. Ta tanadi shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyarsu, ko ya nuna irin wannan soyayya a fili.

A fiƙihun Malikiyya, laifin ba ya tabbata sai da shaidu huɗu da suka gani da ido, ko kuma iƙirarin mai shi. Ke nan abin da ake ɗauka a matsayin jarumta a San Francisco, a nan na iya zama matakin farko na hujja a gaban alƙali. Ko a Legas ma, Bisi Alimi, wanda ya bayyana kansa a wani shirin gidan talabijin na NTA a 2004, ya fuskanci barazana da hari har ya koma Birtaniya a 2007.

Doka a ɓangaren Nijar

Nijar ta gaji tsarin dokokin Faransa, wadda ta cire wannan laifi daga kundinta tun 1791. Shi ya sa kundin Nijar na 1961 bai hukunta abin da manya suka yi a ɓoye ba, sai idan ya shafi wanda bai kai shekara 21 ba. Rashin doka bai taɓa nufin amincewar jama'a ba, domin ra'ayin mutanen Maraɗi bai bambanta da na Katsinawa ba.

Yanzu wannan tazara ta soma rufewa. A Janairun 2023 Shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana aniyar sanya hukunci a sabon kundin ƙasar, sannan kundin tsarin riƙon ƙwarya da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙaddamar a Maris na 2025 ya haramta ɗabi'ar. Mali ta yi tata dokar a 2024, Burkina Faso kuma a 2025. Duk mai tunanin tsallaka iyaka mafaka ce, lissafinsa na jiya ne.

Laƙabi: wa ke raɗa wa wa?

Ƙasar Hausa tana da nata sunaye tun kafin haruffan LGBT su iso. “Ɗan daudu” na nufin namiji mai kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a, galibi sayar da abinci a tasha da kasuwa. Masanin harshe Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya wallafa littafinsa a 2009, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu suna da mata da 'ya'ya, kuma sunan bai zama daidai da “ɗan luwaɗi” ba. Na farko siffa ce ta mu'amala, na biyu zargi ne na aikata laifi.

Bambancin da ke tsakanin tsarin biyu shi ne wanda ke furta sunan. A Turai da Amurka mutum ne ke zaɓar laƙabi ya kira kansa da shi, domin ya samu 'yan'uwa da murya a siyasa. A nan kuwa wasu ne ke liƙa wa mutum, kuma idan ya liƙu da wuya ya ɓare. Ɗan kasuwar da aka yi wa wannan tambari na iya rasa abokan ciniki da masu ba shi kaya bashi, ma'aikaci ya rasa mutunci a ofis, 'ya'yansa mata su rasa manema, ko da zargin ƙarya ne da abokin hamayya ya ƙirƙira.

Abin da ke biyo baya

Illa ta farko ita ce damfara. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2016 da ya nuna yadda aka riƙa amfani da dokar 2014 wajen tatsar kuɗi da cin zarafi. Ingila ta ga irin haka: dokarta ta 1885 ta shahara a matsayin jarin masu barazanar tonon asiri, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka sauya ta a 1967.

Ta biyu ta shafi lafiyar al'umma. Wani bincike da aka yi kan maza 707 a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta wallafa a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin 100 bayan dokar. Mai ɗauke da cutar da ya ƙi zuwa gwaji, iyalinsa ne na farko da za su kamu.

Ta uku ita ce ɗaukar doka a hannu, abin da babu dokar da ta halatta. Shari'ar da ta tsananta hukuncin ita ce kuma ta hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ta kuma tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi a Suratun Nur, hukuncin da malaman Malikiyya suka ce ya haɗa da wanda ya jefi wani da luwaɗi ba tare da shaidu ba.

Saboda haka, a Jibiya da Maraɗi tambayar ko mutum ya bayyana kansa tana da amsa mai tsada, domin 'yancinsa da ransa ne a kan sikeli. Tambayar da ta fi shafar mai shago da ma'aikacin gwamnati ita ce abin da zai yi ran da hoton wani ya iso wayarsa da laƙabi a ƙasansa. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya tura ta gaba ba tare da hujja ba, shi ma doka da Shari'a suna da abin da suka tanadar masa.