Daga Gonakin Kurfi da Dutsin-Ma Zuwa Gaɓar Liverpool

Yawon buɗe ido a jirgin ruwa, wato tafiyar da matafiyi yake kwana da cin abinci a cikin jirgi yayin da jirgin ke yada zango daga wannan tasha zuwa waccan, ba sana'ar da ta kafu a ƙasar Katsina ba ce, amma wasu tsofaffin biranen gaɓar teku na Turai da irin waɗannan jirage ke tsayawa a cikinsu suna da tsohuwar alaƙa da wannan ƙasa, wadda ta cancanci a san ta.

A shekarar 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda yankunan Dutsin-Ma da Kurfi ke ƙarƙashin masarautarsa, ya hau jirgin ruwa daga Legas ya sauka a Liverpool, ya gana da Sarki George na Biyar a Landan, sannan ya zarce ƙasa mai tsarki ya sauke farali. Wannan hanya ta teku daga Legas zuwa Liverpool, mai cin kimanin mako biyu, ita ce kuma amfanin gonar talakawansa yake bi, domin tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga da fatu da ake saye a kasuwannin ƙauye sai a kai su tashar jirgin ƙasa a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci, daga nan su gangara Legas, inda jiragen kamfanin Elder Dempster ke kwashe su zuwa Ingila. Manomin da ya yi huɗa da noma da roro bai taɓa ganin inda guminsa ya ƙare ba, kuma ba shi ke yanke farashi ba.

Saboda haka jikan wannan manomi, ko malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Allah ya hore wa halin tafiya, idan ya tsaya a Albert Dock da ke Liverpool, tashar da aka buɗe a 1846 wadda manyan rumbunanta na jan bulo suka koma gidajen tarihi da shaguna, yana kallon wani yanki ne na tarihin gidansu. A nan ne aka kafa gidan tarihin cinikin bayi a 2007, kasancewar birnin ya yi arziki da fataucin 'yan Afirka tun kafin zamanin gyaɗa.

Matsalar yawon buɗe ido a jirgin ruwa ita ce gaggawa, domin jirgi yakan tsaya wuni ɗaya kacal a tasha, abin da ba ya isar mai son fahimta. Akwai kuma batun biza: ta Birtaniya daban take da ta Shengen, wadda ke buɗe ƙofar Faransa da Italiya da Sifen, don haka ɗan Najeriya da jirginsa zai haɗa Liverpool da Marseille sai ya nemi duka biyun tun kafin ya biya kuɗin tafiya.